Wa Ya Ɗauke Maus ɗin Bahaguwa?

Da hantsi ne Sufeto ya kulle kansa a ofis yana shafa wa gashin bakinsa baƙi da tsohon buroshin haƙori. Shi a zatonsa sirri ne, alhali har mai sharar caji ofis ta sani. Yana cikin haka Kofur ya ƙwanƙwasa ƙofa.

"Yallaɓai, an kawo ƙarar sata."

"Me aka sace?"

"Maus."

"Wane ne kuma Maus?"

"Ba mutum ba ne, yallaɓai. Linzamin kwamfuta ne, abin nan da ake ja a kan tebur. Mai ƙarar ta taho da wanda take zargi, tana riƙe da wuyan rigarsa. Mijinta ne."

Sufeto ya jefa buroshi cikin durowa ya fito da sauri. Mutumin nan kullum cewa yake ba ya son tsegumi, amma da an ambaci miji da mata, kunnensa har motsi yake yi.

A gaban kanta ya tarar da wata doguwar mace, ido jawur. Ita ce ake kira Bahaguwa, gwanar wasan kwamfuta a gidan wasan kawunta. Mijin kuwa tela ne, ɗan siriri, sai zufa yake sharewa.

"Yallaɓai," in ji ta, "yau da yamma muke da gasa. Wani babban kulob zai aiko mutum ya kalla, ya ɗauki ɗan wasa ɗaya. Maus ɗina na bahagwai ne, maɓallansa suna inda babban yatsana na hagu yake faɗawa. In ba shi, ni da makauniya ɗaya muke. Jiya na bar shi a teburina, yau babu shi."

"To me ya sa kike zargin maigidanki?"

"A gaban maƙwabta ya ce wata rana sai ya jefa shi a kwata! Kuma makullin wurin a jakata yake kwana. In shi ne, yau ɗin nan zan kwashe kayana da 'ya'yana."

"Faɗar fushi ce, yallaɓai," Tela ya ce. "Ni ko ƙafata ban taɓa sa wa a gidan wasan nan ba."

Sufeto ya lura da yadda Tela ya faɗi maganar yana kallon takalminsa. Ya ce wa Kofur a fito da mota, kowa ya shiga.

Gidan wasan ɗaki ne dogo, kwamfutoci a jere jikin bango, kujeru masu dogon baya, ga warin safa da fanka ta kasa kora. Sufeto ya fara duba ƙofa. Ba a ɓalla ba, ko ƙwarzane babu.

"Su wa ke da makulli?" ya tambayi Kawu, mai wurin, wani dattijo mai tumbi da ke ta murza hula.

"Ni, da 'yar ƙanwata, sai Kyaftin."

Kyaftin shi ne shugaban ƙungiyarsu, kuma shi ya koya wa Bahaguwa wasan tun ba ta san gaba da baya ba. Mutum ne mai fara'a, tsaf-tsaf, jakarsa a goye don shirin gasa. Tun kafin a tambaye shi ya jawo wa Sufeto kujera, har da kakkaɓe ta.

"Ni jiya da wuri na tashi, yallaɓai, ciwon kai ya matsa mini. Wallahi abin nan ya ƙona mini rai. Ƙanwata ce fa, ko da ba ciki ɗaya ba."

Sufeto ya gyaɗa kai. A aikinsa ya sha ganin ladabi, kuma ya san ladabin da ya yi yawa shi ma abin dubawa ne.

Ya tsaya a teburin Bahaguwa. Shimfiɗar roba da ake jan maus a kai tana gefen dama, an juya ta a tsaye. Kibod, wato faifan maɓallan rubutu, shi kuma an karkata shi har ƙarshensa ɗaya ya kusa taɓa allon kwamfutar.

"Haka kike barin teburinki?"

"A'a. Shimfiɗata a hagu take zama, a kwance."

Ta faɗi haka, idonta ya tsaya a kan kibod ɗin, sai kuma ta kawar da kai da sauri kamar wadda ta ga abin da ba ta so ta gani. Sufeto ya ajiye wannan a ransa.

Ta zagaya bayan kwamfutar ta lalubo, ta ɗago tana cije leɓe. "Har risibar an zare. Wani ɗan abu ne kamar ƙwayar magani, da shi maus ɗin yake magana da kwamfuta."

"Wato ɓarawon ya zauna, ya gwada kayan, sannan ya san abin da zai haɗa da shi," in ji Sufeto. "Ba baƙo ba ne a harkar."

Tela ya yi ajiyar zuciya. Amma bai gama sauke ta ba Kofur ya miƙe daga ƙarƙashin tebur na can lungu, riƙe da tef ɗin awo da guntayen zare ja da kore.

Kowa ya juya ya dubi Tela.

"Kawu," Sufeto ya ce, "kana ɗinki a nan ne?"

"Ai… wani kwastoma ne ya manta."

"Wane kwastoma?"

Kawu ya murza hula har ta kusa yagewa. "Surukina, ka yafe ni, ni ba zan kwana a bayan kanta saboda kai ba. Yallaɓai, kullum in ta tafi ɗauko yara a makaranta, sai ya saɗaɗo ya zauna a lungun nan yana koyon wasa. Shi ya rantsar da ni kada in faɗa. Kuma har yau ko ƙofar farko ta cikin wasan bai wuce ba, da an fara sai ya faɗa rami."

Kofur ya toshe baki. Tela ya so ƙasa ta tsage ya shige.

"So nake in iya, in ba ta mamaki," ya ce a hankali. "Na gaji da zama kamar kujera in tana hira da abokan wasanta."

Kuna zaton wannan zai sanyaya ran Bahaguwa? Ina! Sai ma ta ƙara hawa.

"Ka gani ko, yallaɓai? Wanda ya yi ƙarya ɗaya zai yi biyu. Ashe ya san wurin, ya san teburina!"

Sufeto ya ce wa Tela ya nuna masa inda ake cusa risiba. Bawan Allah ya ɗaga kibod yana leƙa ƙarƙashinsa. Ko rashin sani ne, ko iya shege ne, Sufeto bai yanke hukunci ba tukuna.

Rana ta fara karkata. Bahaguwa ta dubi agogon bango ta ce ita dai a bar ta ta je ta nemi wani maus ɗin, ko yaya yake.

"Ƙanwata, kada ki wahal da kanki," Kyaftin ya ce da murya mai taushi. "Shagon Mai Tabarau ne kaɗai ke kawo na bahagwai, kuma nasa ya ƙare. Ki huta yau, gasa ai ba ta ƙarewa."

Sufeto ya shafa gashin baki, ya manta da abin da ya shafa masa.

"Mu je dai mu gani da idonmu," ya ce. "Kowa ya shiga mota. Har da kai, Kyaftin."

Da suka isa, Kyaftin ya ce ciwon kan nan ya dawo, zai jira a mota. Sufeto bai musa ba, ya dai bar Kofur tsaye a jikin ƙofar yana sosa kunne.

Mai Tabarau irin 'yan kasuwar nan ne da in ka tambaye su allura sai sun ba ka tarihin ƙarfe. Ya zube maus kala-kala a kan gilashi.

"Hajiya, maus ba a zaɓensa da ido, da tafin hannu ake zaɓe. Ɗora hannunki a nan. Kin ji ya cika miki tafi? Ya yi miki girma, kafin a yi nisa wuyan hannunki zai gaji. Wannan kuma ba nauyi, kamar ba komai a ciki, amma ƙugunsa na masu dama ne, zai tokare miki ƙaramin yatsa. Ga mai waya, ba ruwanki da caji, sai dai wayar ta riƙa ja miki baya. Wannan shi ne ba ruwansa da dama ko hagu, amma maɓallan gefe…"

"Suna ɓangaren da ba yatsana," Bahaguwa ta ƙarasa, ta ture shi. "Na bahagwai nake so."

"Kayya! Da kin zo da wuri. Guda ɗaya nake da shi, ya daɗe yana shan ƙura ba mai tambaya, shekaranjiya wani ya saye."

Shekaranjiya. Tun kafin a yi satar ke nan. Sufeto ya matso.

"Tun da aka saye, wani ya zo neman irinsa? Ko ka gaya wa wani ya ƙare?"

"Ko ɗaya, yallaɓai. Ku ne na farko."

"Mai sayen fa, yaya yake?"

"Hula ya ja har gira, ga takunkumi a fuska, wai mura yake yi. Ya ce na ƙanwarsa ne. Amma ɗan wasa ne, ko rantsuwa zan yi. Maus na hagu, shi kuwa da dama ya gwada shi a kwamfutar gwaji. Kafin ya taɓa shi sai da ya murɗe mini kibod, ya juya shimfiɗa a tsaye. Bayan ya tafi ni na sha gyara."

Bahaguwa ta dafa gilashi.

Sufeto ya leƙa waje ya ɗaga murya, cike da fara'a. "Kyaftin! Taimaka mana mana. Mu duk jahilai ne a nan, har mai shagon. An ce duk garin nan ba wanda ya kai ka sanin maus. Zo ka gwada mata wannan mara dama da hagun, in ka ce ya yi, shi za a ɗauka."

Yabo kuwa, ko maciji ne sai ya fito da shi daga rami. Kyaftin ya shigo yana sunkuyar da kai, ya kauce wa idon Mai Tabarau, ya zauna a gaban kwamfutar gwaji. Ya ɗaga maus ɗin ya auna nauyinsa a tafi.

"Wannan ai wasan yara ne," ya ce, yana taɓe baki. "Bari dai in ji gudunsa."

Bakinsa na magana, hannuwansa na nasu aikin. Na hagu ya murɗe kibod har ƙarshensa ya kusa taɓa allo. Na dama ya juya shimfiɗa a tsaye. Hali zanen dutse.

"Shi ne!" Mai Tabarau ya daka tsalle har tabaran ya zamo masa kan hanci. "Wallahi shi ne mai murar!"

Kyaftin ya dubi hannuwansa kamar na wani ne aka ara masa.

"Wa ya gaya maka na bahagwai ya ƙare?" Sufeto ya tambaya. "Mai shago bai gaya wa kowa ba. Kofur, buɗe jakar nan."

A can ƙasa, ƙarƙashin kibod ɗinsa, Kofur ya zaro ƙunshi biyu. Maus biyu ne na hagu, sabo da tsoho, kowanne an naɗe shi da tattausan ƙyalle, an kashe shi don kada caji ya zube, risiba a maƙale da salatif.

"Ga kwata a ƙofar gidan wasan," in ji Sufeto. "Me ya hana ka jefawa?"

"Maus irin wannan a kwata?" Kyaftin ya ɗago a fusace, sai kuma kafaɗunsa suka zube. "Da an gama gasa zan mayar mata. Sabon kuma na saye shi ne don kada ta sami wani. Ni na koya mata riƙon maus, yallaɓai. Yau mutumin kulob zai zo, kuma na san ita zai ɗauka, ni in tsufa a ɗakin nan mai warin safa. Na zauna in gwada shi ne kawai, in ji ko sirrin a cikinsa yake. Ashe a hannunta yake."

Kofur ya ɗaura masa ankwa. Sufeto ya sa aka ɗauki hoton tsohon maus ɗin, ya miƙa wa mai shi, sabon kuma ya tafi da shi shaida. Har an kai Kyaftin bakin ƙofa ya waiwayo.

"Ƙanwata, ki rage gudunsa kafin ki fara. Na ƙara shi jiya."

Bayan an fita da shi, Bahaguwa ta juya wajen mijinta, ta kasa haɗa ido da shi.

"Abban yara, tun da safe na ga kibod ɗin nan a karkace, zuciyata ta gaya mini. Sai na ga ya fi mini sauƙi in zarge ka da in zargi malamina. Ka yafe mini."

Tela ya daɗe yana gyara wuyan rigarsa da ta yamutsa. Mai Tabarau ya yi kamar yana goge gilashi, kunne a miƙe. Sufeto ma ya tsaya ɗaura igiyar takalmin da ba ta kwance ba.

"Gaban 'yan sanda kika ja ni kamar akuya," Tela ya ce. "Wannan za mu yi maganarsa a gida, kuma ba yau za ta ƙare ba." Ya miƙa hannu ya karɓi jakarta ya rataya. "Yanzu dai mu je, kada ki makara. A hanya ki gaya mini yadda ake tsallake ramin nan."

Sufeto ya shiga mota yana jin kansa, ya dubi madubi. Baƙin gashin baki ya bi zufa ya gangaro har haɓa, ga shatin yatsu a kumatu.

"Kofur! Tun yaushe fuskata take haka?"

"Tun a gidan wasa, yallaɓai," in ji Kofur, yana tada mota. "Na ga kana tsakiyar bincike ne."