Tsohuwar Rijiyar Gidan Gona

Ranar sadakar ukun Malam Yahya, a gidansu na gado da ke Badarawa, babu wanda ya yi wa matarsa Nafisat gaisuwa. Tana rakuɓe a bakin ƙofar kicin, idanunta sun kumbura sun yi jawur, mata suna shigowa su durƙusa gaban surukarta Hajiya Harira, su wuce ta kamar ba mijinta ne ya rasu ba. Ba ta gane dalili ba sai bayan la'asar, lokacin da wan mijinta, Tijjani, ya tsaya a tsakar gida ya nuna ta da yatsa.

"Ke kika ja shi daji, ke kaɗai ce tare da shi, kuma sunanki ne a takardar gidan. Wane mai ido biyu ne zai faɗa rijiya da hantsi in ba tura shi aka yi ba?"

Nafisat ta juya wajen Hajiya ko za ta tsawata masa, sai tsohuwar ta kau da kai.

Allah sarki, yadda abin ya faro ba haka kowa ya zata zai ƙare ba. Malam Yahya malamin makaranta ne, ya yi ritaya da ciwon asma, hayaƙin janaretocin maƙwabta a gidan hayarsu na Malali yana hana shi numfashi. Nafisat ce ta ba shi shawarar su sayi gida a ƙauye, inda zai shaƙi iska ya ɗan taɓa noma. Tijjani, da yake dillalin filaye ne, shi ya samo musu gida mai ɗaki uku da gona eka huɗu a gefen wani ƙaramin gari bayan Rigachikun, na wata tsohuwa da ta koma wurin 'yarta a Zamfara. Malam Yahya ya sa sunan matarsa a takarda, ya ce shekara goma sha biyar tana jinyarsa, bai san da me zai gode mata ba. Sati shida da tarewarsu aka yi ruwan farko. Washegari ya zaga bayan gida don ya duba inda zai yi shuka, tana wanke-wanke ta ji ya kira sunanta sau ɗaya, "Nafi!" Ta fito da kumfa a hannu, ba ta ga kowa ba sai rami a inda jiya ƙasa ce shimfiɗe. Ta yi ihu har muryarta ta dushe, amma kafin mutanen gari su iso da igiya, rai ya yi halinsa.

Bayan zargin Tijjani, 'yan sanda suka tsare ta kwana biyu, suka sake ta don babu shaida. Dangin miji kuwa sun riga sun yanke nasu hukuncin. Suka riƙe 'yarta Aziza mai shekara bakwai, wai ba za su bar jininsu a hannun mai kisa ba. Yarinyar ta ƙanƙame zanin uwarta, sai da aka ɓamɓare yatsunta ɗaya bayan ɗaya... Nafisat ba ta da uwa ba ta da uba, gidan hayar Malali kuma an riga an ba wasu, don haka ta koma gidan gonar ta yi takaba ita kaɗai.

Labari ya riga ta isa garin. Matan da a da suke kawo mata nono da kuka suka ɗauke ƙafa. Ciyawa ta cinye gonar har bakin taga. Kullum hantsi ya yi, daidai lokacin nan, sai ta ji kiran daga bayan gida, a hankali, kamar daga ƙarƙashin ƙasa: "Nafi..." Ta san mamaci ba ya kira, amma sai ta tsinci kanta a bakin ramin babu takalmi, tana leƙa duhun da ba ta ganin ƙarshensa. Abin da ya fi cin ranta shi ne ita ce ta ce su zo. Takan kifa goshinta a kan sallaya ta ce, "Ya Allah, Kai ne shaidata. Ko ba don ni ba, don yarinyar nan, kada ta girma tana zaton uwarta ce ta kashe ubanta."

Saura kwana tara ta fita takaba, wata tsohuwa ta yi sallama. Ta ce sunanta Iya Tani, ita ce ta sayar da gidan, ta zo ganin dangi ne ta ji mummunan labari. Ta nemi a nuna mata wurin. Tana ganin ramin ta dafe ƙirji ta zauna daɓas a ƙasa.

"Ashe bai cike ta ba? 'Yar nan, da hannuna na kai dillalin nan bakin rijiyar. Na ce masa gaba goma ce, ta kafe tun zamanin mai gidana, kada ya bari kowa ya tare sai an cike ta. Ya ce ƙaninsa ne zai saya, zai bari wani abu ya same shi ne?"

Iya Tani ba ta bar garin ba sai da ta gano Rabi'u, leburan da Tijjani ya sa aiki a gidan. Tsoro ne ya rufe masa baki duk watannin nan. Da ta haɗa shi da Allah sai ya fashe da kuka, ya ce Tijjani ya ce cikewa za ta ja lokaci, ciniki ya wargaje, don haka ya sa shi jera ruɓaɓɓun itatuwa a bakin rijiyar, ya shimfiɗa zana, ya bi da ƙasa.

Ranar da Nafisat ta fita takaba, su uku suka shiga mota zuwa Badarawa. A gaban Hajiya da dattawan gidan Rabi'u ya maimaita maganarsa, Iya Tani ta kalli Tijjani ido cikin ido ta ce ya musa in ya isa. Gumi ya karyo masa, ya fara cewa shi bai zaci ruwa zai zaftare ƙasar da wuri haka ba... Bai ƙarasa ba Hajiya ta yanke jiki ta faɗi. Da ta farfaɗo, da bakinta ta ce a kira hukuma. Kotu ta ɗaure Tijjani, matarsa ta kwashe 'ya'yanta ta tafi gidansu, abokan dillancinsa ko sunansa ba sa son ji.

Bayan sati biyu Hajiya Harira ta zo gidan gonar riƙe da hannun Aziza. Yarinyar ta ruga ta faɗa jikin uwarta, tsohuwar kuwa ta zube a kan gwiwoyinta. "Nafisatu, na rasa ɗaya a kabari, ɗaya a kurkuku, ke kuma na zalunce ki. Ki yafe mini kafin in je gaban Allah."

"Hajiya, don Allah ki tashi," in ji Nafisat, hawaye na zuba. "Ke kika haifi Malam. Na yafe miki duniya da lahira."

Mutanen gari suka yi gayya suka cike rijiyar, suka nome gonar, kowa yana sunkuyar da kai idan ya zo gaishe ta. Hajiya ba ta sake komawa Badarawa ba. Shekara huɗu ta yi a ɗakin da ke kusa da na Nafisat, kuma a ciwonta na ajali, 'ya'yanta mata sun zo sun kewaye ta, amma ko ruwa ba ta karɓa daga hannun kowa sai na matar ɗanta.