Kifin da Ba a Ci

Ranar kasuwar Gwarzo ce, a shekarun da dalar gyaɗa ke tsaye a Kano, Furera 'yar Sajo ta Dugabau ta tsaya a ƙofar wani zaure da ƙwaryar nono a kanta. Ta buɗe baki za ta yi talla, sai maganar ta maƙale. A kan benci a cikin zauren akwai akwatin gilashi cike da ruwa, ƙananan kifaye da ba su kai ɗan yatsa ba suna ta kai da komo, wasu da jela ja, wasu shuɗiya mai ɗigo-ɗigo kamar atamfa.

"Sauke ƙwaryar nan kafin ki yi mini ɓarin nono a ƙofa," in ji mai zauren. Ja'afaru ne, matashin duba-gari da aka turo gundumar bayan ya gama makaranta a birni.

"Malam, ana cin waɗannan?"

"Ba a ci."

"Ana tatsa?"

Ya fashe da dariya.

"To kiwon me kake yi? Mu a gidanmu abin da ba a ci, ba a tatsa, ba a hawa, kare ne kaɗai, shi ma gadi yake yi."

"Waɗannan ma gadi suke yi," in ji shi, ya kasa ɗauke ido daga fuskarta.

Ya gaya mata sunansu gupi, a wajen wani Kwara, Balarabe mai sayen gyaɗa, ya same su da akwatin, kuma babu abin da suke so kamar tsutsar sauro. In da za a sa su a kowace randa da kowane kududdufi, zazzaɓin damina zai ragu. Abin takaici ne ƙwarai: kowace kaka a yi awon gyaɗa, a sayi keke da rediyo, a yi sabon ɗaki, a bar ramin da aka ɗebi ƙasa a bayan gida yana ƙyanƙyashe sauro. Damina ta zo a binne yara, a ce lokaci ne ya yi, a koma gindin bishiya.

"To me ya hana ka raba su?" ta tambaya.

Nan ne damuwarsa. Gupi ba ƙwai take yi ba, haihuwa take yi. Amma a akwatin akwai 'ya'yan ƙarfasa da wasu ƙananan kifayen rafi da ya haɗa su zama tare, kafin ya dawo daga zagaye sun haɗiye jariran. Ita kanta uwar in ta juyo ta gan su sai ta hau ci.

"Uwa ta ci ɗanta? Subhanallahi!"

"Sai an ware mai ciki a wani kasko da kainuwa, don jariran su ɓuya a saiwa. Tana gama haihuwa a cire ta. Ni kuwa ba na wuni a gida."

Furera ta leƙa, ta nuna wata mai kumburarren ciki da baƙin tabo kusa da jela. "Wannan ta kusa. Ba ni ita."

Haka ta koma Dugabau da kifi a ƙwaryar da ta kawo tallan nono.

Tun daga nan keken duba-gari ya san hanyar Dugabau fiye da kowace hanya. Sai ya jingine shi a gindin darbejiyar ƙofar gidansu, ta fito da kaskon, su durƙusa suna kallon jarirai kamar ƙwayar gero masu ido.

"Uwar garke, yaya dabbobinmu?"

"Lafiya lau, Sarkin ruwa. Ga wancan mai jan jela, rashin kunya gare shi, duk macen da ya gani sai ya bi."

"Haka mazansu suke."

"Mazansu kawai?" Ta kalle shi ta gefen ido.

"Ni jelata ba ta da launi, Furera. Kasko ɗaya na sani."

Baffa Sajo, mahaifinta, bai ga abin dariya ba. Mutum ne da kakanninsa suka yi kiwo, shi ma ko da ya zauna yana noma bai rabu da shanu ba.

"Namijin da ke kiwon abin da ba a yankawa, ba a tatsa, me zai riƙe mace da shi? Ga Maiturare nan, yana da sikeli yana da mota. Ba zan yi miki dole ba, amma kada ki kawo mini mai wasa da ruwa."

Maiturare dillalin gyaɗa ne, duk inda ya wuce ƙamshinsa kan riga shi isa. Ya daɗe yana aiko wa Furera sabulu, tana mayarwa.

Da jariran suka yi girma, Furera ta zaɓi mafi kyau, ta zuba a sabon kwanon sha, ta rufe da faifan da ta saƙa da hannunta, ja da baƙi, da zanen ƙaramin kifi a tsakiya. Ta kai masa har zaure.

"Ga garkenka. Faifan kuma naka ne, ban taɓa saƙa wa kowa ba."

Ja'afaru ya yi murna, amma hankalinsa ya riga ya tafi wajen sauro. Ya yi tunanin in dagacin ƙauyen da ke kusa ya yarda aka sa kifi a randarsa, talakawa za su bi. Kashegari ya ɗaure kwanon a bayan keke, da faifan a kai yadda ta kawo, ya kai gidan dagaci aka shiga da shi ciki.

Karatu ya koya masa rayuwar sauro tun daga ƙwai, amma ya mantar da shi abin da kowace tsohuwa ta sani: saurayi ba ya kai rufaffen kwano gidan da ke da budurwa a ce ba komai. Kafin la'asar gari ya ɗauka duba-gari ya kai wa Barira 'yar dagaci toshi.

Ranar da Furera ta shiga gidan da tallan nono, abin da ta fara gani faifanta ne a rataye a ƙofar ɗakin Barira.

"Kin ga abin da Malam ya kawo mini?" in ji Barira tana murmushi. "Har da 'yan kifaye. Ko wa ta saƙa masa, ta iya, Allah ya ba ta lada."

Furera ba ta tuna yadda ta fito ba. Tana isa gida ta ɗauki kaskon da sauran kifayen da kainuwar duka, ta watsa a kududdufin bayan gida inda shanu ke sha.

Bayan 'yan makonni tana ɓoye masa, wata ranar kasuwa, Ja'afaru na tsaye a ƙofar zaure yana jiranta, sai ga motar Maiturare ta wuce a hankali, shaƙe da buhuna. A gaba, kusa da direba, Furera ce da ƙwaryarta a cinya, tana dariyar da ba ta kai ciki ba. Ƙamshin turare ya daki hancinsa. Ya ji kamar an zuba masa garwashi a riga. Ya bi motar da keke har wajen sikeli.

"Furera! Yaushe kika fara hawa motar mutane?"

"Tun ranar da faifaina ya fara hawa keke zuwa gidan sarauta."

"Wane faifai? Kifi na kai wa dagaci don randa!"

"Randa ce ta rataye shi a ƙofar ɗakinta? Ni na yi ta tsaron mai ciki, ni na tsame uwa don kada ta ci 'ya'ya, sannan ka ɗauki wahalata ka yi toshi da ita!"

"Ke ma ai ga shi kina warin turarensa!"

"Ƙamshi dai, Malam," in ji Maiturare daga kan buhu. "Mai ƙarnin kifi ba ya rabewa." 'Yan dako suka kwashe da dariya.

Ja'afaru ya koma zaure ya zauna gaban akwatin. Ya san abin da ya rage masa, ya kuma san tsadarsa. Karɓo abin da aka kai gidan dagaci cin fuska ne. In ya yi, ƙauyen nan ba zai ƙara buɗe masa randa ba. In bai yi ba, Furera ta tafi.

Da safe ya durƙusa gaban dagaci, jama'a na zaune.

"Ranka ya daɗe, na yi kuskure. Kifin na gari ne, a bar shi. Amma kwanon da faifan suna da mai su, kuma ita nake neman aure."

Dagaci ya harare shi, ya sa aka fito da komai, har kifin.

"Tafi da kayanka duka. Sauronmu ya ishe mu."

Da wannan kunyar ya tuƙa keke zuwa Dugabau. Bai sami kowa a ƙofar gida ba. A bayan gida ya hango Baffa Sajo tsugune a bakin kududdufi, sandarsa a ƙasa, Furera na tsaye nesa kaɗan ta juya baya.

"Kai mai kifi, zo nan," in ji tsohon ba tare da ya ɗago ba. "Mene ne wannan?"

Kainuwar da Furera ta watsar ta bazu a gefen ruwan, ƙarƙashinta kifaye ne birjik, manya da ƙanana. Tsutsar da ta saba yin baƙi a bakin ruwan babu ita. A cikin ƙoƙon da tsohon ya kamfaci ruwa da shi, wata mai ciki ta lafe, sai ga wani ɗan abu ya faɗo daga jikinta a dunƙule, ya miƙe, ya yi iyo.

"Haihuwa ta yi!" Baffa Sajo ya riƙe baki. "Da ransa, kamar saniya! Na zaci ƙwai suke zubarwa su yi gaba."

"Baffa, a cire uwar, za ta cinye shi," in ji Furera, ta manta tana fushi.

Tsohon ya sa hannu a hankali ya tsame uwar, yadda yake raba maraƙi da saniya.

"Abin da ke ɗaukar ciki ya haihu, a ware shi, a yi renonsa, ai kiwo ne. Yaro, ashe makiyayi ne kai, garkenka ne ƙanana. Turo manyanka."

Ja'afaru ya kwance faifan daga keke ya miƙa mata da hannu biyu.

"A gaban dagaci da jama'arsa na karɓo. Sun kore ni da kifina."

Ta karɓa, ta juya shi, ta shinshina. "Yana warin ɗakinta."

"Ke kuma gyalenki?"

"Na wanke shi da toka tun jiya. Hawan motar ma ciwon kai ya sa mini." Ta sunkuyar da kai. "Sarkin ruwa, in ka ƙara kai ko murfin tukunyata wani gida, kai zan watsa a kududdufin nan."

"Na ji, Uwar garke. In dai bayan gidanku ne, zan rayu."

Bayan an gama awon gyaɗa aka ɗaura aure a Dugabau. Ƙauyen dagaci bai karɓi kifi ba a shekarar, amma matan da suka zo biki kowace ta koma da ƙoƙon kifi, bayan amarya ta tabbatar babu wanda aka rufe da faifai. Baffa Sajo ya sa musu albarka, ya roƙa musu zuri'a mai yawa kamar ta kududdufinsa, jama'a suka amsa da amin suna dariya. Akwatin gilashin ya koma ɗakin amarya, faifan ja da baƙi a kansa. Allah ya ba su zaman lafiya.