Shaidar Shanun Muhaimin

"Kowa ƙasa! Vite, maza!"

Rana tsaka Olivier da mutanensa suka tare wata mota a hanyar Ngawundere zuwa Garwa. Suka zazzage jakar Alhaji Abdulƙarim, dillalin shanu. Goro da carbi kawai.

"Ina kuɗin, tsoho?"

"Suna cikin waya, ɗana. Kirifto ne."

Dillalai sun daina yawo da tsaba. Da can adireshin kirifto dogon jerin haruffa ne da lambobi mai kashe ido, har wata injiniya a Garwa ta sauƙaƙa musu da wata manhaja: kowa ya zana shaidar da yake yi wa shanunsa da ƙarfe mai zafi, ita ce adireshinsa.

Olivier ya juya wajen Dauda, mai riƙe da wayar gungun. "Nuna masa namu."

Dauda ya miƙa, fuska a rufe. Allah sarki! Ranar da ya buɗe asusun, da manhajar ta nemi shaida, yatsansa ya zana wadda ya tashi yana gani a cinyar shanun gidansu. Ko tunani bai yi ba.

Alhaji ya dubi wayar, ya dubi idanun Dauda. Ya tura kuɗin. Sai da suka hau babura bakin Alhaji ya suɓuce: "Allah ya jiƙan Muhaimin."

Olivier ya ji. Da suka nutsa daji ya taka birki.

"Wane ne Muhaimin?"

"Babana ne, patron."

"Shaidar ubanka ka liƙa mana? Duk kara an san ta, dabba, kuma ba ta gogewa!"

"Zan canza, wallahi zan—"

Harsashi ɗaya. Suka bar shi nan.

Alhaji ya ce wa jandarmomi bai ga fuskar kowa ba, amma shaidar tana cikin wayarsa. A gadar Binuwai aka kama Olivier, shi ya nuna inda gawar take. Kwamandar jandarmomin, Brigitte, ta shiga kara, kasuwar shanu, da hoton shaidar. Mahauta suka sunkuyar da kai, ɗaya ya raka ta gidan Muhaimin.

Halime, matar marigayi Muhaimin, tana tsintar shinkafa a tsakar gida. Tun da ɓarayi suka kore garken mijinta, baƙin ciki ya kai shi kushewa, ba ta sake ganin wannan shaida ba. Brigitte ta nuna mata hoton a waya, Halime ta shafa shi da yatsa, fuskarta ta washe.

"An ga shanun ne, 'yata? Zauna ki sha ruwa. Bari Dauda ya dawo, shi zai je ya koro su."