Layin Da Modem Ya Riƙe

Rahama ce ta kai masa ruwa ranar da Abdulaziz ya fara shiga biron mahaifinta, wato ofishinsa, a unguwar Birni cikin Damagaram, shekara ta dubu biyu da biyar. Ɗan manoman Hamdara ne, amma ya yi karatun ordinata, wato kwamfuta. Mahaifin nata, Alhaji Mala, mai fataucin fatu, shi ya kira shi ya kafa masa akwatin tsaro, irin wanda ke hana ɓarayin intanet shiga ordinatoci.

"Wannan ƙaramin mai kuka kamar ɗan tsako fa?" in ji ta.

"Modem ke nan. In eriyar kan soro ta daina aiki, shi zai kira ta layin tarhon gidanku, aiki ya ci gaba."

"Mu kuma da me za mu yi magana?"

"Ai in ya gama zai sakar muku."

Ta yi dariya. Ya riga ya sa lambar kira, ya sa suna da kalmar sirri. Saura gurbi guda, na mintocin da modem zai jira kafin ya saki layi. Yana kallon dariyar nan ya wuce gurbin, ya bar shi a sifili. Sifili kuwa nufinsa kada ya saki har abada.

Soyayya ta kama. Kullum sai salularta ta yi ƙara: "Fitilata, kin karya kumallo?" Ita kuma ta amsa: "Ɗan Hamdara, ka yi aikin mutane, ka bar ni in yi shara."

Alhaji bai so ba. "Ba mu san gidansu ba," ya ce. Uwar Rahama, Ya Fanta, ce ke lallashinsa a hankali.

Ana haka Ya Fanta ta tafi Gidimuni barkar haihuwa. Can ciwo ya kayar da ita, aka kawo ta asibiti a Miriya. Lambar gida kaɗai dangi suka sani. Tun hantsi suke bugawa har la'asar, layi a toshe, Ya Fanta kuwa ba ta ambaton sunan kowa sai na Rahama. Kafin ɗan aike ya iso Damagaram su juyo tare, an riga an kai ta makwancinta.

Alhaji ya dubi 'yarsa a gaban masu gaisuwa. "Ke ce a kan tarho da yaron nan, uwarki na nemanki."

"Wallahi Baba ban taɓa tarho ba ranar."

Bai yarda ba. Ya daina amsa gaisuwarta. In ta kai masa tuwo, a rufe yake dawowa.

Bayan sadakar bakwai Abdulaziz ya buɗe akwatin ya karanta abin da na'urar ta rubuta na ranar rasuwar. Eriya ta tsaya da safe, modem ya kira, bai saki ba sai magariba. Sai ya rubuta wa Rahama: "Fitilata, na gano wanda ya riƙe layin. Kuskurena ne."

Sai washegari ta amsa: "Kada ka faɗa wa Baba. Ni ya riga ya ƙi ni, kada ya haɗa da kai."

Bai ji ba. Ya sami Alhaji a zaure, ya durƙusa.

"Baba, Rahama ba ta da laifi. Na'urar da na kafa ce, ni na manta ban gyara ta ba."

"Wa ya sani bayan kai?"

"Sai ita, ta kuma ce in yi shiru."

Alhaji ya kau da kai. "Tashi ka fita mini."

Ita ma ta rubuta masa: "Na yafe maka. Amma in na ji muryarka, sai in ji kamar Ya Fanta ce ke kirana. Ka ba ni lokaci."

Ya tattara ya koma Hamdara, ya yi damina guda a gonar mahaifinsa, ba saƙo, ba amsa. Ya rame har uwarsa ta fara nema masa rubutu.

An gama yankan hatsi sai ga saƙo: "Ɗan Hamdara, kana nan da rai? Baba na nemanka."

Da ya je, ya tarar Alhaji ya tsufa a 'yan watannin nan. "Kwana tara na yi ina cutar marainiya," ya ce. "Da ka yi shiru, da na mutu da alhakinta. Kuskure ka yi, ajali kuma na Allah ne. Ka turo magabatanka."

Aka ɗaura aure bayan ƙaramar salla, ba kiɗa, ba guɗa mai yawa. Da aka kawo amarya ta yi sallama da mahaifinta, ya jawo ta kusa da shi. Ya dafa kanta.

"Ban san abin da uwa ke faɗa wa 'yarta a rana irin ta yau ba, Rahama. Ki yafe mini. Tashi ki je, Allah ya yi miki albarka."

Allah ya ji ƙan Ya Fanta, su kuma ya zaunar da su lafiya.