Tsohuwar da Ta Auna Ruwan Kwami

A wani zamani, a wani ƙauye, rijiya ta ƙafe saura wata guda damina ta faɗi. Ruwa bai rage ba sai na kwamin wankan wani attajiri, shi kuwa ya bar wa gari.

Mai gari ya ce, "Tulu sittin muke sha kullum. Ruwan nan zai kai mu, ko mu yi ƙaura?"

Wannan ya leƙa, ya ce ba zai kai ba. Wancan ya leƙa, ya ce ba zai kai ba. Har an fara ɗaure kaya.

Sai wata tsohuwa mai ginin tukwane ta ce, "Ranka ya daɗe, ido ba mudu ba ne. A ba ni igiya."

Aka yi mata dariya, ba ta kula ba. Ta auna tsawo, kamu ashirin. Ta auna faɗi, kamu goma. Ta auna zurfi, kamu uku. Ta gina akwatin yumɓu, kamu ɗaya ta kowace fuska, ya ci tulu huɗu.

Ta ce, "Ruwan kwamin cikin akwatin nan ɗari shida ne, wato tulu dubu biyu da ɗari huɗu, ruwan kwana arba'in. Ku kwance kayanku!"

Ranar da aka yi ruwan fari, tsohuwa ta shiga kwamin. Sauran ruwan ya kai mata ƙwauri.