Mai Gadin da Ke Cikin Wayar Malam Abu

Ruwan shuka ya sauka a Kalgo, hankalin kowa ya koma gona, sai ga wata mata ta faɗo caji ofis da goyo a bayanta, gefen zanenta duk laka.

Insifekta Tabita ce a bakin aiki. 'Yar Zuru ce, amma ta daɗe a Kalgo har an daina kiranta baƙuwa. Ta nuna wa matar benci.

"Zauna ki yi numfashi. Yaya sunanki?"

"Maimuna, ranki ya daɗe. Babana aka daka, Malam Abu na Dangoma. Yana asibiti, bai san wanda ke kansa ba. Sun tafi da shanun huɗarsa duka biyun."

"A gida?"

"A'a, can cikin fadama. Tsoron ɓarayi ya sa ya ɗauke su daga gida ya kai su wata bukka bayan rafi. Ko maƙwabta ba su sani ba."

"To wa ya sani?"

"Ni kaɗai. Ni kuma a Gwandu nake aure. Ta waya ya gaya mini."

Tabita ta ɗan dube ta. "Ke kuma kika gaya wa mijinki."

"Wallahi ko shi ban gaya wa ba."

Ta kwance bakin mayafi ta fito da wata tsohuwar waya mai tsagaggen gilashi. A cikin laka aka tsince ta kusa da tsohon, wayar a mace.

"Kwanakin nan yana ta kukan wayar," in ji Maimuna. "Wai zafi take yi, data ba ta kwana a cikinta."

"Wa ke taɓa masa ita?"

"Muzzammil mai tura wa'azi a waya, a kasuwar nan."

Ashe ba Maimuna kaɗai ta ambaci wannan suna ba. Ko da Tabita ta isa kasuwa tare da Kofur Sama'ila, mutane sun yi wa rumfar Muzzammil zobe. Wani na ihu a ƙone kwamfutarsa, wani na cewa ai an faɗa a rediyo, 'yan ture-turen nan su ke buɗe wa ɓarayi ƙofa. Sai da Sama'ila ya daka tsawa aka ja da baya.

Muzzammil na tsaye bayan tebur, gumi ya jiƙa masa riga. Tabita ta ajiye wayar a gabansa.

"Ka san wannan?"

"Ban taɓa ganinta ba."

Ta juya bayan wayar. Ga ɗan tambarin rumfarsa manne a jiki.

"Sake dubawa."

Ya sunkuyar da kai. "Na santa, ranki ya daɗe. Tsoro na ji. Karatun Alƙur'ani na tura masa, da wata manhaja ta sauraren rediyo."

"Daga ina ka samo ta?"

"Wurin abokan sana'a. Daga waya zuwa waya."

"Me ya hana ka sauko masa da ita daga shagon manhajoji na cikin wayar, inda ake tantancewa?"

"Ranki ya daɗe, shagon nan sai mai imel, sai mai data. Malam Abu bai san imel ba. Wayarsa kuma ta tsufa, in ka nemi abu sai a ce ba ta ɗauka. In babu mu, rabin wayoyin Dangoma fitila ce kurum. Mutum ya sayi abinsa da guminsa, sannan a ce sai abin da kamfani ya ga dama zai sa a ciki?"

"In kuma abin da ka tura yana da guba fa?"



Tabita ta zare layin wayar tukuna, sannan ta jona ta a cajin rumfar ta kunna. Ta shiga saiti tana bin manhajojin ɗaya bayan ɗaya. Ga ta karatu, ga ta rediyo. Can ƙasa ta ga wata da ba ta fitowa a fuskar waya, sunanta Mai Gadi. An ba ta izinin jin kira, da karanta saƙo, da sanin inda mai waya yake.

"Wannan fa?"

Muzzammil ya leƙa. "Ba tawa ba ce."

"Ɗazu ma haka ka ce."

"Duba ranar da aka sa ta. Lokacin ina Jega jinyar mahaifiyata, rumfar nan a rufe take. Tambayi kowa."

Mai shayin da ke gefe ya gyaɗa kai, ba da son ransa ba. Duk da haka Tabita ta sa aka tafi da Muzzammil ofis. Ba ta gama yarda da shi ba, ba ta kuma yarda da taron ba.

Bayan azahar Malam Abu ya farfaɗo. Kansa naɗe da bandeji, muryarsa can ƙasa. Tabita ta same shi a asibiti, ta matsa kusa da gadon ta tambaye shi.

"Baba, sannu. Ban da Muzzammil, wa ya taɓa wayarka?"

"Ba kowa, ɗiyata."

"Ka tuna dai. Ka yi wata tafiya kafin ruwa ya sauka?"

Tsohon ya lumshe ido. "Awo. Na tafi Gwandu sunan jikana. Na ratsa kasuwa, na iske ana wanke wa mutane waya kyauta. Wani mai farar shadda ya ce duk abin da 'yan kasuwa ke turawa cuta ne. Ya karɓi tawa, ya ce ya sa mata tsaro."

"Sunansa?"

"Ciyaman na ji suna ce mishi."

Maimuna da ke bakin gado ta ɗago. "Ciyaman Abdulhakeem ke nan, shugaban masu sayar da waya. Shi ne ma ke magana a rediyo. Ai mutumin kirki ne."

"Wataƙila," in ji Tabita.

Ta ja Maimuna waje ta yi mata bayani a kunne. Sannan ta mayar da layin cikin wayar Malam Abu, ta kira lambar Maimuna alhali suna kallon juna a barandar asibiti.

"Maimuna, Insifekta ce, da wayar babanki nake kira. Ki kwantar da hankalinki. Muzzammil ya amsa laifinsa."

"Alhamdulillahi," in ji Maimuna.

Tabita ta katse. A duniya ba wanda ya san wannan magana sai su biyu da Sama'ila, domin ƙarya ce. Muzzammil na zaune a bayan kanta a caji ofis yana shan ruwan leda, ba abin da ya amsa.

Washegari da hantsi suka kama hanyar Gwandu. A mota Sama'ila ya ce shi fa yana bayan Ciyaman, a hana ture-turen nan kowa ya huta.

"Wa ya sa maka manhajar kallon ƙwallon da ke wayarka?" in ji Tabita.

Sama'ila ya mai da hankali ga tuƙi.

Sun biya caji ofis na Gwandu aka haɗa su da ɗan sanda guda, sannan suka nufi shagon Ciyaman. Shago ne mai gilashi, da fanka, da wayoyi jere cikin kwalaye. A ƙofa an rubuta da manyan baƙaƙe cewa a guji manhajar da ba a san asalinta ba.

Ciyaman Abdulhakeem ya taso da fara'a, ya sa aka kawo kujera.

"Madam Insifekta, lale. Na daɗe ina son hukuma ta shigo maganar nan. Kullum ina faɗa, waya kamar gida take. Ƙofa ɗaya gare ta, kuma da mai tsaro. Su 'yan ture-ture katanga suke fasawa."

"Kai ba ka taɓa sa wa kowa manhaja daga waje ba?"

"Ni? Allah ya kiyaye. Gogewa kawai nake yi."

"Ka san Malam Abu na Dangoma?"

"Mutane da yawa ke zuwa, ba zan riƙe kowa ba." Ya gyara hula. "Amma dai an gode Allah, tunda yaron nan na Kalgo ya amsa laifinsa, sai a yi masa hukuncin da zai zama darasi."

Tabita ta jingina da kujera.

"Wa ya gaya maka ya amsa?"

"Ai... magana ce ke yawo a gari."

"A bakin wa ka ji?"

"Wani direba, ina jin."

"Sunansa?"

Ciyaman ya yi dariyar da ba ta kai ido ba. "Madam, tuhumata ake yi ne?"

Tabita ta janyo jakarta. Ta ciro wayar Malam Abu daga jaka, ta danna, ta yi sallama a cikinta ta aika wa Maimuna saƙon murya. Shagon ya yi tsit, sai ƙarar fanka.

Can ƙarƙashin kantar shagon, wani abu ya yi ƙara a hankali.

Ta sake aika wani. Abin ya sake amsawa.

"Buɗe durowar nan, Ciyaman."

"Makullin na gida."

Sama'ila ya zagaya ya fizgo ta, ashe a buɗe take. Wata baƙar waya ce kwance a kan tsumma. Tabita ta ce wa Ciyaman ya buɗe ta. Ya tsaya yana kallon ƙofa, ɗan sandan Gwandu ya gyara tsayuwa a bakinta. Daga ƙarshe Ciyaman ya ɗora yatsa, wayar ta buɗe.

Tabita ta danna saƙon da ya shigo yanzu. Muryarta ta fito tana sallama. Ta ja baya kaɗan ta danna wani. Muryar Malam Abu ce, cikin raha, yana gaya wa ɗiyarsa inda ya ɓoye shanunsa bayan rafi.

Ciyaman ya sulale kan kujera.

"Ni ban ce su dake shi ba. Wallahi ban ce ba. Wuri kawai nake gaya musu."

"Su wa?"

"Ƙanin matata, yana da motar ɗaukar dabbobi a Masama. Shi ya kawo mini manhajar. Ya ce tunda mutane sun yarda da ni, ba wanda zai duba."

"Shanun na ina?"

"Ɗaya na garkensa a Masama. Ɗayan... an riga an yanka."

"Wayoyin mutum nawa ka wanke?"

Ya rufe fuska da hannu biyu. "Ban ƙirga ba."

Tabita ta yi waya aka tura mota Masama, ta kira Kalgo ta ce a sallami Muzzammil, amma a raka shi har rumfa. Sama'ila ya ɗaura wa Ciyaman ankwa.

Kafin su fito, labari ya riga su. Mutane sun cika ƙofar shago, ba mai ihu, ba mai jifa. Kowa ya ciro wayarsa yana jujjuya ta a hannu. Suka dare gefe aka wuce da shi, aka tura shi bayan mota.

Tabita za ta shiga gaba ke nan, wata tsohuwa mai tallan ƙuli ta riƙo hannun rigarta, ta miƙo mata 'yar wayarta.

"Ɗiyata, ni ma shi ya wanke mini. Duk abin da na faɗa wa 'ya'yana ya ji ke nan?"

"Kashe ta tukuna, Inna. Gobe ki kawo ofis a duba."

"To bayan goben fa? Wa zan kai wa?"

Tabita ta dubi tsohuwar, ta dubi sauran hannayen da ke miƙowa ta bayanta. Ta karɓi wayar ta kashe mata da kanta, ta mayar mata, sannan ta ce wa Sama'ila ya ja mota.