Allurar da Zulfa Ta Ɓoye wa Inna

"Ki bari in faɗa wa Inna mana, Zulfa!"

"A'a, Badamasi, don Allah… Tun ba yau ba danginka ke cewa ka auro mai asma. In suka ji har allurar asmar ma jikina ba ya karɓa, me za su ce?"

"Su faɗi abin da suka ga dama. Ke nake so, hasken idona."

Ta kashe wayar, hawaye na zuba. Wata biyu da aurensu aka rufe bodar Jibiya, shi kuwa yana can Maraɗi ya kai kaya. Ya bar ta ita da Inna, mahaifiyarsa, wadda ko ɗaga ido Zulfa ba ta iya yi a gabanta. Daga gaisuwar safe sai ta koma ɗaki, ta yi ta sauraren shirun titin da babu motoci.

Ranar Laraba hayaƙin murhu ya tayar mata da ciwon. Ƙirjinta ya riƙa kuka. Maganin da take shaƙa ya ƙare.

Inna ta fita ko mayafi babu, ta dawo da Isah mai kyamis.

"Kwantar da hankalinki, Inna. Haidurokotizon ce, duk masu asma ita nake yi wa."

Zulfa ta ji sunan. Ita ce allurar da ta taɓa kumbura mata maƙoshi tana budurwa. Ta buɗe baki… sai ta ga Inna durƙushe tana yi mata fifita. Ta yaya za ta musa wa suruka a gaban baƙo? Ta sunkuyar da kai, ta miƙa hannu.

Kafin Isah ya rufe jakarsa leɓunanta sun kumbura, jikinta ya yi ruɗu-ruɗu.

"Innalillahi! Ku nemo mota!" in ji Inna.

A gadon asibiti ta farka. Likita ya riga ya yi wa Inna bayani: ba kowa allurar take yi wa haka ba, amma wanda ta yi wa, tana iya kashe shi.

"Kin sani?" in ji Inna.

Zulfa ta gyaɗa kai.

"Kika yi shiru?"

"Kunya na ji, Inna…"

Tsohuwar ta fashe da kuka, ta rungume ta.

"Kunyata ta fi ranki? Da kin tafi, me zan ce wa yaron nan in an buɗe boda? Ɗiyata, tun ranar da ya tafi ni ma ba ni da abokin magana. Ina tsakar gida, kina ɗaki!"

Wayar ta yi ƙara. Badamasi ne. Inna ta share ido, ta miƙa mata.

"Amsa a gabana. Ba inda zan tafi."